Aikin Farfesa Shalanda Baker: a duba inda tsarin ya yi rauni

Edita, assalamu alaikum.

Idan ana maganar Farfesa Shalanda Baker, yawanci akan tsaya ne a kan cewa ita ce ta farko da aka naɗa mataimakiyar darakta mai kula da adalci a harkar makamashi a Ma'aikatar Makamashi ta Amurka, a Janairun 2021. Haka ne, amma ya kamata masu karatu su san da me ta yi aikin, da kuma dalilin da ya sa bai ɗore ba.

Kafin nan malamar fannin doka ce a Jami'ar Northeastern da ke Boston. Ta yi bincike a jihar Oaxaca ta Meziko, inda aka kafa manyan injinan samar da lantarki daga iska, 'yan asalin yankin kuma suka daɗe suna kukan ba a nemi shawararsu yadda ya kamata ba. A 2022 Majalisar Dattawa ta tabbatar da ita shugabar ofishin da ke kula da wannan fanni.

Ma'aunin farko da ta yi aiki da shi shi ne nauyin kuɗin makamashi, wato kason da wuta da gas da ɗumama ɗaki ke ci daga abin da gida ke samu. In ya haura kashi 6 cikin ɗari, an shiga matsi. Alƙaluman ma'aikatar sun nuna gidajen masu ƙaramin ƙarfi na kashe kusan kashi 8.6, sauran kuwa kashi 3.

Sai shirin Justice40, wanda Shugaba Biden ya kafa da umarnin shugaban ƙasa ranar 27 ga Janairun 2021: kashi 40 na amfanin wasu kuɗaɗen gwamnatin tarayya ya isa ga al'ummomin da aka bari a baya. A ganina, nan Baker ta fi yin aiki. Dokar ababen more rayuwa ta 2021 ta ba ma'aikatar dala biliyan 62, sai aka sa sharaɗin cewa mai neman tallafi ya haɗa da takardar bayanin abin da jama'ar wurin za su amfana da shi: yadda za a tattauna da su da ƙungiyoyin ƙwadago, irin ayyukan yi da za a samar, da wa za a ɗauka. A lokacin, takardar na ɗauke da kashi 20 na makin tantancewa. Kamfanin da ya yi mata riƙon sakainar kashi zai iya rasa kwangilar, ko da injiniyoyinsa sun fi na kowa.

Matsalar tana cikin kalaman umarnin. Amfani aka ce, ba kuɗi ba, kuma amfani yana da wuyar ƙirgawa. Ragin hayaƙi a unguwa da layin wutar da ya ratsa ta kawai, kowanne akwai mai kiransa amfani. Sannan alkawarin tsakanin kamfani ne da Ma'aikatar Makamashi. Mutanen gari ba sa cikin masu sa hannu, sai fa in sun ƙulla tasu yarjejeniyar daban da kamfanin. An ga haka a cibiyoyi bakwai na samar da makamashin iskar haidirojin da aka ware wa dala biliyan 7 a Oktoban 2023, inda ƙungiyoyin mazauna suka yi ta ƙorafin ba a nuna musu cikakkun takardun ba.

Babban raunin kuwa shi ne Justice40 bai taɓa zama dokar majalisa ba. Baker ta koma Jami'ar Michigan a 2024. Ranar 20 ga Janairun 2025 Shugaba Trump ya soke umarnin, ma'aikatar kuma ta sa masu karɓar tallafi su dakatar da aiki a kan waɗannan takardu.

Ina roƙon wakilanku su bibiyi garuruwan da suka ƙulla yarjejeniya kai tsaye da kamfanoni, su gaya mana ko ana cika musu alkawari har yanzu.

Wassalam,
Mai karatu daga Kano