Wasiƙa Daga Katsina: Jan Ganyen Dawa

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Yaya sanyin Ingila? Mu nan hunturu ya fara leƙowa. Inna na gaishe ka, ta ce har yau ba ta ga tsarabarta ba.

Ka tambayi inda binciken digirina ya kwana. To, ka tuna jajayen ɗige-ɗigen nan da ke fesowa a ganyen dawa idan damina ta yi nisa? Su na sa a gaba. Da na je Daura ina ta tsinkar ganyen a gonarmu, Baba ya tsaya yana kallona, can ya ce, "Yanzu duk kuɗin makarantar nan a kan abin da ko akuya ke tsallakewa za su ƙare?" Ban iya ce masa komai ba.

Abin da na kasa yi masa bayani shi ne, jan nan ba cutar ba ce. Idan fumfuna ta shiga ganye, dawar ce ke haɗa wani jan sinadari a daidai wurin don ta tare ta. Dangin sinadarin ne ke cikin karan dafi, wanda ake rina fata ja da shi, tsofaffinmu kuma ke jiƙawa wai don ƙarin jini. Sai na ce, makamin da ta tanada wa fumfuna, ko zai taɓa bakteriyar da ke damun mutum?

Na shanya ganyen a inuwa, mai cutar daban, lafiyayye daban, na daka a turmin Inna (na sha faɗa), na jiƙa garin a itanol, wani irin sifirit, kwana 3, na tace, na bari ya tsotse. Sauran aikin na ɗakin gwaji ne. Ana shafa bakteriyar a ɗan faranti mai abincinta, a huda ramuka masu faɗin milimita 6, a ɗiga ruwan ganyen, a sa a inkubeta, wato akwatin ɗumi, a zafin digiri 37 na awa 24. Idan abin na da ƙarfi, za ka ga fili fes kewaye da ramin inda bakteriyar ta kasa yaɗuwa, sai a auna da rula.

Karon farko an ɗauke wuta cikin dare, janareta ba mai, aikin mako ya tafi a banza. A na biyu, da na ɗaga farantin Staphylococcus aureus, mai jawo maruru, na kara shi da hasken taga, sai ga ɗan siririn zobe kewaye da ramin ganye mai cutar, ya ɗan ɗara na lafiyayyen. Wallahi sai da hannuna ya yi rawa. Na ce yau ga Fleming na Daura, tunda shi ma masanin kimiyya Alexander Fleming a 1928 fumfuna ce ta faɗa masa a faranti a Landan ya gano maganin fenisilin. Malamina ya nuna mini zoben sifurofuloksasin, maganin kashe bakteriya da muka sa don kwatance, ya ninka nawa nesa ba kusa ba, ya ce in sauko ƙasa. Ɗaya bakteriyar da na gwada kuwa, E. coli, ko gezau, don tana da ƙarin fata a waje da ke hana abubuwa da yawa ratsa ta.

Damuwata yanzu ƙanen Baba, wanda ya fara baza labarin wai na gano magani a dawa mai cuta. Na roƙe shi ya bari. Fumfunar da ke kama gyaɗa da masara tana fitar da afulatoksin, gubar da ke cin hanta, kada wani ya ji rabin zance ya jiƙa ruɓaɓɓen hatsi ya sha.

Sai na maimaita gwajin sau 3 kafin malam ya yarda in rubuta komai. In ka samu hali, ka duba mini abin da aka rubuta kan sinadaran dawa a laburarenku, nan yawancin mujallun sai da kuɗi ake buɗe su.

Ka gaida mutanen gida in kun yi waya. Sai na ji daga gare ka.

Naka,
Amininka