Sanarwa ga iyayen ɗaliban da za su shiga SS1

Assalamu alaikum iyaye maza da mata, barkanmu da warhaka.

A farkon wannan zango za a raba yaranmu da suka gama JSS3 gida uku: ajin kimiyya, ajin adabi da ajin kasuwanci. Turanci da Lissafi dole ne a kan kowa, kuma sai da kiredit biyar har da Turanci a WAEC ko NECO jami'a ke karɓar ɗalibi.

Don Allah kowa ya zauna da ɗansa, ya buɗe katin sakamakonsa. Mai son likitanci sai ya riƙe Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, su zai rubuta a JAMB tare da Turanci. Mai son lauya kuwa, Adabin Turanci ne ginshiƙinsa. Abin da ke damuna shi ne mu tura yaro kimiyya don ɗan maƙwabci yana can, alhali Lissafi ke sa shi kuka. Sauya aji a SS2 asarar shekara guda ce ta darasi, ga kuma makin gwaje-gwajen aji da ya riga ya wuce.

Malaman aji za su saurari iyaye ranar Asabar bayan Azahar. A zo da katin.