Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Ni ma'aikaciyar jinya ce mai sa barci a ɗakin tiyata, kukana kuma a kan numfashin yara ne.

Da zarar maganin barci ya kama mutum, tsokar maƙogwaro kan saki, numfashi ya raunana, sai mu zura tiyo ta baki zuwa hanyar iska. A yaro aikin ya fi haɗari. Harshensa ya cika baki, maƙogwaron ƙanƙani ne kuma yana can sama, sannan idan aka duba nauyinsa, jikinsa na cin oksijin kusan ninki biyu na babba. Babba zai ba ka 'yan mintoci, jariri kuwa kafin ka farga leɓɓansa sun fara duhu. Duk sake gwadawa kuma ƙara kumbura wurin yake yi.

To ina ga yaron da ciwon zaizayar baki, wato noma, ya ɗaure wa muƙamuƙi, ko cokali ba ya shiga? Irinsa sai an bi ta hanci da siririn bututu mai kyamara, yana numfashi da kansa, har tiyo ya zauna. Asibitin Noma na Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, ya san wannan aiki, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ciwon cikin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi a Disambar 2023. Wannan abin a yaba ne.

Amma ranka ya daɗe, yaron da gyaɗa ta maƙale wa, ko wanda tabon ƙuna ya manne haɓarsa da ƙirji, asibitin da ya fi kusa ake kai shi, sau da yawa cikin dare, kuma ma'aikacin jinya ne kaɗai a kansa.

Ina roƙon a wajabta na'urar auna iskar da majiyyaci ke fitarwa a kowane ɗakin tiyata. Ita ke nunawa nan take ko tiyo ya shiga hanyar iska ko ya kauce zuwa ta abinci, na'urar auna oksijin ta yatsa kuwa sai oksijin ya riga ya faɗi take kuka. A haɗa da tiyo da abin rufe hanci daidai girman yara. A kuma riƙa tura mu horo asibitocin koyarwa, mu saba hannu a kan mutum-mutumi kafin a miƙo mana ɗan wani.

Allah ya taimaki Minista.