Godiya ga Oga da yaran garejinsa na Ƙofar Ruwa

Assalamu alaikum Oga, da kai da duk yaran gareji manya da ƙanana, ya aiki, ya haƙuri da mu.

Na san ka ce kar in sa sunanka ko sunan gareji a ko'ina, ka ce wanda Allah ya rubuta zai zo wajenka zai zo ko ba talla. To na ji maganarka ban sa ba, amma rubutun kam sai na yi, don abin da kuka yi min ya fi ƙarfin in riƙe shi a ciki ni kaɗai. Duk mai hawa BMW a Kano da yake shiga Ƙofar Ruwa neman kaya ya san garejin da nake nufi, wanda bai sani ba ya tambaya za a nuna masa.

Kusan shekara uku na yi ina tara kuɗin motar wasa, kuma tun farko E36 nake so, wato 3 Series ɗin da BMW suka fara fitarwa a 1990, saboda ƙafar baya ce ke ja, akwai mai injin silinda shida a jere, ga kayanta ba wuyar samu a nan. Sai ga bidiyon wata a Abuja an turo min a WhatsApp, 328i mai ƙofa biyu, manuwal, sabon fenti sai ƙyalli take, an sa mata keji a ciki, wato ƙarafan da ke kare direba in mota ta kife, kujerun tsere guda biyu, jajayen bel, dogon hambirki a gefen giya, in aka taka totur ƙarar salansa kaɗai ta isa ta tsuma mutum. Mai ita yana ta matsa min in turo kafin alƙalami wai akwai mutum biyu a layi. Da na kawo maka wayar ka kalla sau ɗaya ka miƙo min, ka ce ƙanina motar wasa ba a sayenta a waya. Na nuna maka hoton mita cewa ba ta yi tafiya da yawa ba, ka ce mita ai a tire ake sayar da ita a kasuwar nan, minti goma an canja, kuma ko ta gaskiya ce ba abin da za ta gaya mana, don motar da ke yini a fili totur a ƙasa tana juyi a wuri ɗaya, wahalar da injinta ya sha ba ta hawa mita.

Ban taɓa zaton za ka bar gareji ka bi ni har Abuja ba wallahi, ga motocin mutane a jere suna jiranka. Sharaɗi ɗaya ka kafa, in gaya wa mai mota kar ya tada ta, za mu zo da sassafe mu same ta da sanyinta. Muka kwana a can, muka yi asuba muka isa, kana buɗe bonet ka ɗora bayan hannunka a kan inji ka ce an tada ta. Mutumin ya ce wai matsar da ita kawai aka yi. Ba ka yi musu da shi ba, ka samu benci ka zauna ka ce za mu jira ta huce, haka muka zauna har wajen azahar. A zaman nan ne ka yi min bayanin cewa inji da sanyi ba ya iya ɓoye ciwonsa, hayaƙin farko da ƙarar farko da yadda fitilar baƙin mai ke saurin mutuwa ko jinkiri duk a sakan na farko ake ganinsu, da ya ɗumama shi kenan sun ɓuya.

Da aka tada ta kuwa sai da ta yi gargada na ɗan lokaci kafin ta daidaita, ga farin hayaƙi mai ƙamshin zaƙi-zaƙi daga salansa, ka matsa babban hos ɗin lagireto tun inji bai yi zafi ba ka ce in taɓa, ya yi tauri kamar an hura shi. Daga nan ka kwance fulogi shida ka jera su a kan tsumma daidai yadda suke a inji, na uku da na huɗu sun fita fes kamar an wanke, sauran da ɗan baƙinsu na aiki. Ka ɗaura gejin kwamfureshan ɗaya bayan ɗaya, huɗu sun nuna wajen bar 12 a ma'aunin matsi, waɗancan biyun da ke maƙwabtaka da juna ko 8 ba su cika ba. Ka ce ƙa'idar da kuke bi ita ce kar bambanci ya wuce kashi 10 cikin 100, kuma in biyu na kusa da juna suka faɗi tare to gasket ɗin top, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, shi ne ya ƙone a tsakaninsu. Ni a raina na ce ai gasket abu ne mai sauƙi a canja, sai ka ce tsaya tukuna. Injin 328i ana kiransa M52, lita 2.8, ƙarfin doki 193, kuma wanda aka yi wa kasuwar Turai bulok ɗinsa na alminiyam ne, na Amurka ne ke da na ƙarfe. Wannan ta Turai ce ƙirar 1996. In irin wannan bulok ya tafasa sosai, zaren ramin da kusoshin top ke kamawa kan saki, ka zo ɗaurewa kusa ta yi ta juyawa ba ta kama. Ƙari a kan haka na kafin 1998 cikin silindarsu wani shafe ne mai suna Nikasil, wanda fetur mai yawan sulfa ke cinyewa, har sai da BMW da kansu suka koma sa hannun riga na ƙarfe. Ka duba kuma ka ga an cire tamostat gaba ɗaya, ka ce yawanci ba a cire shi sai mota ta fara zafi ana neman rufa-rufa.

Filtar baƙin mai ta wannan injin a sama take, takarda ce a cikin gwangwani, ka zaro ta ka buɗe ninkin a rana, sai ga wasu ƙananan abubuwa suna walƙiya kalar jan ƙarfe. Ka ce metal ne, wato abin da ƙarafan inji ke juyawa a kansa, ke cinyewa a ƙasa. Ni dai daga nan jikina ya fara sanyi.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai ba inji ba ne, ƙasan motar ne da kejin. Yaronka ya ɗaga ta a jak ya shiga da tocila, ya ce Oga zo ka gani, an shafa sabon baƙin fenti mai kauri daidai inda ƙarfen da ke riƙe da bak aksul ya kama bodi, sauran ƙasan kuwa duk ƙura. Ka nemi izinin mai mota ka kankare kaɗan da sukundireba, sai ga tsaga ta kai tsawon yatsa an lulluɓe ta. Ka ce nan da kan shokazoba na baya da wajen bushin ɗin hannun baya su ne inda E36 ke yagewa in ana wasa da ita, kowa ya sani, masu yi da gaske faranti suke waldawa a wurin tun kafin ya tsage. Sannan ka ciro tef ka auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya, ka ce daga kamfani milimita 2,700 ne, hagu ya zo daidai, dama ya gaza da kusan santimita biyu. Ka manna maganaɗisu a kwankwason baya na dama ya faɗo ƙasa, fila ce zalla a wurin. Motar ta taɓa dukan abu da ƙarfi an ja ta an shafe.

Kejin da ya fi komai burge ni a bidiyo, shi ne ka fi daɗewa a kansa. Ka shafa bututun da yatsa ka ce in ji, akwai layin ɗinki a tsawonsa, ka ce wannan bututun ruwa ne aka yi wa fenti. Dokar FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, ta ce babban bakan keji ya zama bututun ƙarfe mara ɗinki mai faɗin milimita 45 da kaurin 2.5, ko 50 da kaurin 2, kuma kowace ƙafa ta zauna a kan faranti mai kaurin aƙalla milimita 3. Wannan kuwa kai tsaye aka walda ƙafafunsa a kan siririn falankin ƙasa, ka ce ranar da mota ta kife ƙafar za ta huda falankin ta fita kamar ƙusa a gwangwani. Ka sa ɗan madubi ta sama ka nuna min inda waldar ba ta zagaye ba saboda hannu ba ya shiga kusa da rufi. Bel ɗin ma ka juya lakabin jikinsa, shekarar ƙarewarsa ta wuce tuntuni, ka ce shekara biyar ake ba su, kuma an ɗaure na kafaɗa can ƙasa a bayan kujera maimakon ya tafi kusan a miƙe, wanda in an yi karo sai ya danne ƙashin bayan mutum. Ka kalle ni ka ce ƙanina mahaifiyarka na da rai ko? Na ce eh. Ka ce to ba da hannuna za ka shiga wannan ba.

Akwai abu ɗaya da dole jama'a su sani. Mai motar ya ja ka gefe ya yi maka tayin la'ada in ka ce min lafiyarta lau, ka dawo a gabansa ka maimaita min abin da ya faɗa, ba faɗa ba zagi, ka ce masa Allah ya kawo mai saye amma ka gaya masa gaskiya. Kuma ni da kai mun san da na sayi motar nan garejinka za ta zo ta yi wata da watanni, inji da walda da fenti duk kai za ka ci kuɗin. A hanyar dawowa tun daga Zuba har Zariya ban iya cewa komai sosai ba, kai ne kake ta ba ni baki cewa ta Allah ba ta ƙare ba.

Bayan kamar wata biyu kai da kanka ka kira ni ka ce akwai wata a Kaduna mu je. Gaskiya da na ganta ban so ba, 325i ce ta 1993 mai ƙofa huɗu, fenti kala uku, bamba an ɗaure ta da roba, ciki babu kafet. Kai kuwa tun da ka ga mai ita ya fito da littafin makaranta da yake rubuta ranar da ya canja baƙin mai da ranar da ya fita fili da abin da ya lalace, naga fuskarka ta saki. Ka ce injinta M50 ne, bulok na ƙarfe, ƙarfin doki 192, ya fi jure zafi da wahala. Da sanyinta muka same ta, bugu ɗaya ta tashi, silinda shida duk sun zo kusa da juna, filta tas, tef ya ba da daidai hagu da dama, bayanta an riga an walda faranti kuma walda mai kyau.

Duk da haka ba ka ce ba ta da laifi ba. Ka nuna min lamba huɗu a gefen taya, 2317, ka ce sati na 23 na shekarar 2017 kenan, robar ta bushe ko da zanenta na nan. Man birki ya yi baƙi, ka ce irin wannan mai, DOT 4, yana shan ruwa daga iska, sabo yana kai digiri 230 kafin ya tafasa amma in ya sha ruwa sai ya sauko wajen 155, ka taka birki ƙafa ta tafi ƙasa. Wuyan lagireto na roba ya canja kala ya kusa karyewa, famfon ruwa ba a san ko mai fanka ta roba ba ne, bushin na baya sun gaji, ga notin famfon baƙin mai da kan kwance a irin waɗannan injina in ana yawan kai su ƙarshe, mai motar ya ce shi bai taɓa buɗe wurin ba. Duk ka rubuta a takarda da kuɗin kowanne, ka miƙa wa mutumin, ya karanta ya ce wallahi ba ƙarya a ciki, ya rage min daidai abin da ke takardar. Lambar chasis ma sai da ka haɗa ta jikin ƙarfe da ta takardun mota da na kwastam harafi bayan harafi, duka 17, kafin ka bari in tura ko sisi. Ka hana ni tuƙo ta, muka ɗora a janwe zuwa Kano.

Yaran gareji ku ma na gode. Wanda ya kwanta a ƙasa a Abuja cikin rana bai yi tsaki ba, da mai waya da ya bi min wayoyin batir da ke but ya sa makashin wuta inda hannuna ke kaiwa, da ƙaramin nan da ya tattara duk tsofaffin kayan da aka cire a buhu ya ce Oga ya ce a ba ka ka gani da idonka. Kuɗin tafiya biyun nan kuwa Oga, abin da ka karɓa kuɗin mota da na yini ne kawai, na ƙara maka ka mayar min.

Alƙawarin da ka sa na ɗauka ina nan a kansa, ba wasa a titi, ba wasa a wajen biki ko cikin unguwa inda yara ke tsallakawa, sai a rufaffen fili da hular kwano a kaina. Kuma ba zan fita da ita da ƙarfi ba sai bututun da ka yi oda ya iso an haɗa kejin yadda ka zana min a ƙasa da alli.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi, ya sa albarka a cikin sana'a da zuri'a, ya jiƙan magabata. Ranar Asabar in sha Allahu zan shigo da safe da sabbin tayoyin, a gaya wa mai walda ya jira ni.

Naka,
ƙaninka mai 325 kala uku.