Wasiƙa daga Dammam kan takardun asibitin Abba

Maman Abba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da yara, da Hajiya da ƙafar tata. Ni lafiya lau nake, aiki yana tafiya, alhamdu lillahi. Na rubuto ne maimakon saƙon murya saboda maganar tana da tsawo, kuma ina so ta kasance a hannunki ranar da za ki asibiti. Ki ba Yaya shi ma ya karanta.

Labari ya iso ni cewa an ba Abba gado a watan jiya saboda sikilarsa, har an yi masa ƙarin jini. Ba daga bakinki na ji ba, ba kuma daga bakin Yaya ba. Wani ɗan Gangare da ya zo Umara ne ya kira ni yana yi mini jaje, shi a zatonsa na sani. Na san kun ɓoye ne don kada hankalina ya tashi, amma daren nan ban runtsa ba. Ɗana ne. Ko ba ni da abin yi daga nan, ina da addu'a, ina da ɗan abin da zan turo. Kada a sake yi mini haka, don Allah.

Ga abin da ya sa na rubuto. A masallacin da muke Juma'a akwai wani likita ɗan Sudan, likitan jini ne na yara, mutumin kirki. Sikila ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. A yankin gabas inda nake, wajen Ƙaɗif da Al-Ahsa, tana da yawa, kuma tun 2004 gwamnatinsu ta wajabta gwajin jini kafin a ɗaura aure. Saboda haka likitocinsu sun san ciwon ciki da waje. Na ba shi labarin Abba, ya saurara, sai ya fara tambaya. In yaron yana cikin lafiyarsa, jininsa a nawa yake tsayawa? Sau nawa aka yi masa ƙarin jini tun haihuwarsa? Maganin sikilar nan, hydroxyurea, miligiram nawa yake sha, shi kuma kilo nawa ne? An taɓa auna gudun jini a jijiyoyin kansa? Maman Abba, na tsaya ina kallon mutumin nan kawai. Duk amsoshin suna cikin kanki da cikin fayil ɗin asibiti, ni kuwa ina nan ina tuƙa mota.

Ya ce ba zai ce komai a kan yaron da bai gani ba sai da takarda. In takardu sun zo zai duba, ya rubuta shawararsa mu kai wa likitan Abba na Jos, shi ne mai yanke hukunci. Ba zai canza masa magani daga nesa ba, ni ma ba zan yarda a yi haka ba.

To ki saurara da kyau. Fayil ɗin ba za su ba ki shi ki fito da shi ba, na asibiti ne, kada ki ɓata bakinki a kan wannan. Abin da za ki nema shi ne rahoton likita, wato taƙaitaccen tarihin ciwon yaron tun ranar da aka buɗe masa kati, da kwafin sakamakon gwaje-gwajensa. Yaya ya rubuta takardar neman da Turanci zuwa ga shugaban asibitin, a sa cikakken sunan Abba yadda yake a katinsa, da lambar katin, da ranar haihuwarsa. Ke za ki sa hannu, ke ce uwa. Ki tafi da katin ɗan ƙasarki da takardar haihuwarsa, don ba sa ba kowa sirrin majiyyaci, kuma gaskiyarsu ne. A yi takardar kwafi biyu, su buga hatimi a ɗaya su dawo miki da ita. In akwai kuɗin da za a biya, a biya inda asibiti ya ce a biya, a karɓi rasit. Kada a ba kowa komai a hannu a bakin taga.

Kafin ma takardar ta shiga, ranar ganin likitansa ki gaya wa babban likitan da bakinki. Shi zai rubuta rahoton, kuma in ya san dalili zai fi saurin yi. Ki gaya masa gaskiya, cewa uban yaron yana Saudiyya kuma wani likita zai duba. Ba raini ba ne, ba kuma guduwa za mu yi daga hannunsa ba. Shekara nawa yana ɗawainiya da yaron nan, ina ganin girmansa.

Na san halinki, da an ɗaga miki murya sai ki ce a bari. Wannan karon kada ki bari. Ba alfarma kike roƙo ba. Tun 2018 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da takardar haƙƙoƙin majiyyata a Abuja, kuma a ciki akwai haƙƙin mutum ya samu bayanan da aka rubuta a kan lafiyarsa. Abba yaro ne, haƙƙin nasa a hannunmu yake. In sun ce ba a ga fayil ba, kamar yadda aka taɓa yi mana har aka buɗe masa na wucin gadi, ki tuna musu cewa fayil biyu ne, a nemo duka a haɗa. Shekarunsa na farko suna cikin tsohon, har da kwanciyar nan da saifarsa ta kumbura.

Abin da likitan ya fi nanatawa shi ne ƙarin jini. Ya ce duk wanda ake yawan ƙara wa jini, jikinsa yana iya fara faɗa da jinin wasu mutane, har ya zama da wuya a samo wanda ya dace da shi, kuma sinadarin ƙarfe yana taruwa a jiki. Saboda haka yana so a rubuta kowane ƙarin jini da ranarsa, da leda nawa, da ko jikinsa ya taɓa ƙin karɓa. Har wanda aka yi masa a asibitin kuɗi lokacin yajin aiki, wannan ba ya cikin babban fayil, sai kin je can daban. Sai takardar gwajin farko da ta nuna SS ne, da rukunin jininsa, da gwaje-gwajen jinin da ake yi masa saboda hydroxyurea, da hoton ƙirji na lokacin da numfashinsa ya sarƙe, da takardun sallama, da katin rigakafi. Na san wasu suna cikin baƙar jakar nan da ke ƙarƙashin gado. Ki fito da su duka, har waɗanda suka yage.

Gwajin kan nan, TCD suke ce masa. Ba ciwo, ba allura, na'ura ce ake ɗorawa a gefen kai. Ya ce yaro mai sikila daga shekara 2 zuwa 16 ana so a riƙa yi masa duk shekara, don shi ke nuna wanda ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki tun kafin ta faru. In an taɓa yi wa Abba, ki karɓo sakamakon. In ba a yi ba, ki tambayi likitan inda ake yi, ko Abuja ne ko Kano zan biya kuɗin mota.

Na turo dubu 300 ta asusun Yaya. Dubu 100 na cefane ne, dubu 50 na Hajiya, sauran na Abba ne kaɗai: maganinsa, da kuɗin rahoto, da fotokwafi, da Keke Napep. Na ce na Abba ne kaɗai. Na ji Auta yana zancen gyaran babur, ba da wannan kuɗin ba. Yaya, kai nake roƙo, kai ne babba. Na wancan karon ban ji inda ya shiga ba kuma ban tambaya ba, wannan zan tambaya, kuma ina son ganin rasit.

An kuma ce mini Gwaggo ta kawo wani jiƙo daga ƙauye, wai an ajiye masa na asibiti kwana biyu. Ban san gaskiyar maganar ba. Ba na so ki yi sa-in-sa da Gwaggo, ki bar ni da ita, zan kira ta da kaina. Amma folic acid ɗinsa da maganin kariyar zazzaɓin cizon sauro da hydroxyurea kada a tsallake ko kwana ɗaya sai in likita ne ya ce. In ma ya sha jiƙon, ki gaya wa likitan, kada ki ji kunya.

Ni nan ba wata matsala. Mu huɗu ne a ɗaki, akwai na'urar sanyaya ɗaki, kafili yana biya ko da ya ɗan makara. Shinkafa ce kullum, na yi kewar gwate da dankalinmu. An sabunta mini iƙama, wato takardar izinin zama, kuma manaja ya ce a direbobi ni ne ban taɓa ƙwarzane mota ba. Ki gaya wa Abba wannan, ya san babansa ba wasa ya zo yi ba. Wani lokacin ina kan hanyar Jubail sai in tuna ke kaɗai kike kwana a kan benci a bakin gadonsa. Allah ya saka miki, ni ba zan iya biyanki ba.

Sanyi ya kusa, kin san Jos a Disamba. Rigar sanyi da safa da hula tun da asuba, wanka da ruwan ɗumi, ruwan sha a jakarsa ta makaranta. In jikinsa ya yi zafi kada a jira gari ya waye.

In takardun sun fito, kada ki ba kowa na ainihin, ko ni. Ki je Terminus a yi fotokwafi kashi biyu, ɗaya a ajiye a gidan Yaya. Sannan Ummi ta ɗauki hoton kowace takarda da waya, a shimfiɗe, da rana, yadda hatimi da kwanan wata za su fito, ta turo mini ta WhatsApp bi da bi, daga tsohuwa zuwa sabuwa. Kada ku jira sai sun cika, wadda ta samu a turo.

Ki gaishe da Hajiya, ki ce ta ci gaba da sa mana albarka. Ki gaishe da Yaya da iyalinsa, da Ummi, da mutanen layi. Ranar Juma'a bayan la'asar ɗinku zan kira, ki sa Abba kusa da waya, kuma ina so in ji an kai takardar.

Naki,
Baban Abba