Wanda Ya Ɗaure Baka Ba Lebura Ba Ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na rubuto maka ne a kan kalma ɗaya tak da ta fito daga bakin baƙonku a shirinku na rediyo na ranar Asabar, wadda mai gabatarwa ya ji da kunnensa ya ƙyale ta ta wuce, har ma ya ƙara da cewa "haka ne". Da aka zo kan cocin Wusasa da ke Zariya, baƙon ya ce Turawan mishan ne suka gina shi a 1929, mutanen gari kuma suka taimaka da leburanci. Leburanci! Tun daren nan kalmar take ci mini rai, domin ni ɗan magini ne, kuma na san wanda ake kira lebura a wurin gini: shi ne mai ɗebo ruwa, mai taka ƙasa da ƙafa, mai jefa tubali sama. Ni kaina na yi wannan aiki ina yaro, ba na kuma jin kunyar faɗa. Amma mutumin da ke zaune a kan bango yana cafe tubalin, wanda ya san inda azara za ta kwanta da inda baka, wato lanƙwasar ginin da ke ɗaukar rufi, zai tashi, ba a taɓa ce masa lebura ba a ƙasar Hausa sai a gidan rediyonku.

Ina so ku koma wa baƙon nan da tambaya. Likita Miller, wanda ya yi ta ambaton sunansa, likita ne kuma mai fassara, aikinsa a kan Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga a 1932 sananne ne, ba mai ƙwace masa wannan. To a ina ya koyi ɗaurin baka? Azara, wato tsagin giginya, ita ce ƙashin ginin soro, saboda gara ba ta cin ta, amma mahaifina ya sha gaya mana cewa idan ka shimfiɗa ta a sararin da ya wuce kamu huɗu ka ɗora mata ƙasa, to ka jira ranar da za ta lanƙwashe. Saboda haka mai son babban ɗaki marar ginshiƙi a tsakiya sai ya kafa azara a cikin bango daga ɓangarorin biyu, ya ɗaure wata a kanta da igiya ta ɗan zarce ta ƙasa, ya yaɓe da ƙasa, ya dakata ta bushe, sannan ya ƙara wata, haka haka har hannuwan biyu su haɗu a sama. Idan ya yi gaggawa da kwana ɗaya, ko ya karkata da faɗin yatsa biyu, ginin zai faɗa wa mutane. Duk wannan lissafi a ka yake, babu takarda, babu fensir. Wanda ya ba da aiki ya biya kuɗi yana da nasa yabo, sai dai ba shi ne ya hau bango ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, wannan baƙo da bakinsa, ƴan mintoci kafin nan, ya gama kambama Babban Gwani, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Ya kira shi gwanin gine-gine, ya ba da labarin nan da ake bayarwa na cewa an kashe shi a Birnin Gwari don kada ya gina wa wani sarki abin da ya fi wanda ya gina a can, ya kuma ambaci kwafin masallacin da ke gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos, aikin da Dmochowski ɗan ƙasar Poland ya tsaya a kai. To, sana'ar da ta tayar da bakunan masallacin ita ce ta tayar da na cocin bayan shekara kusan ɗari, a gari ɗaya, da ƙasa ɗaya da azara ɗaya. Yaya aka yi masu ita suke gwanaye idan sarki ya sa su aiki, amma da Bature ya shigo cikin labarin sai suka koma leburori?

Bari in gaya maka abin da ya sa ban iya yin shiru ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, Musulmi ne da ba ya wasa da salla, kuma shi ya gina cocin wani ƙauye da ke nan ƙasar Zuru. Ina nan a zaure ranar da dattawan cocin suka zo, su uku, suka tuɓe takalma suka zauna a kan tabarma. Bai tambaye su komai game da addininsu ba. Abin da ya tambaya shi ne mutum nawa ke taruwa, a ƙasa suke zama ko a kan benci, ta ina ruwan sama ke bugo musu, sannan a ina mai wa'azi zai tsaya don na baya ya ji muryarsa. Da suka gama ba shi amsa sai ya share ƙasa da tafin hannu, ya ɗauki tsinke ya zana musu ɗakin a gabansu: bakuna uku a jere, ƙofa biyu, ƙananan tagogi can sama don zafi ya fita. Ɗaya daga cikinsu ya ce a ƙara faɗi, Baba ya ce azarar da ake samu a wannan yanki ba za ta ɗauka ba, sai dai a ƙara tsawo, aka kuwa tsaya a kan maganarsa.

Rani guda muka yi a wurin. Matasan cocin ne suka haƙo ƙasa suka taka ta da ciyawa, matansu suka yi ta jigilar ruwa daga rafi, ni da yayana muna mulmula tubali muna shanyawa. Idan azahar ta yi, Baba ya sauko ya yi alwala a gindin wata ɗorawa, su kuma su ja da baya su ba shi wuri. Daga ɓawon ɗorawar nan da ire-irenta aka jiƙa makubar da aka shafe bangon waje da ita don kada damina ta zaizaye shi. Ranar da baka na farko ya haɗu, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, Baba kuwa bai ce komai ba, ya dai hau ya zauna a tsakiyarsa ya ci goro, wanda shi ne hanyarsa ta nuna wa masu gini cewa ya yarda da aikinsa.

Bara na bi ta ƙauyen da ɗana don in nuna masa aikin kakansa. An rushe ginin, an yi sabo na bulo da kwano, ban kuma ga laifinsu ba, domin jama'a ta ƙaru kuma yaɓe na kowace shekara wahala ne. A jikin sabon ginin akwai allon dutse mai ɗauke da tarihin cocin tun daga farko: sunan fasto na farko, sunan wanda ya ba da fili, sunan babban baƙon da ya yanke kyalle. Na karanta har ƙasa sau biyu. Da na tambayi wani dattijo wa ya gina na farkon, sai ya yi ɗan tunani ya ce, "Wani Bahaushe ne daga cikin gari." Ɗana ya dube ni, ni kuma na rasa abin faɗa.

Soraye nawa Baba ya gina a garin nan, waɗanda har yau masu su ke kwana a ciki da bazara ba tare da fanka ba, alhali maƙwabtansu masu kwano suna shimfiɗa a tsakar gida? Ba ko ɗaya da ke ɗauke da sunansa. Haka abin yake ko a manyan wurare. Ka je gidan tarihi na Kanta a Argungu, wanda fadar sarki ce har 1942 kafin a buɗe shi ga jama'a a 1958, za a lissafa maka sarakunan Kabi ɗaya bayan ɗaya, a nuna maka makamai da kayan kamun kifi, amma ka fito ba ka ji sunan wanda ya ɗora rufin da ke bisa kanka ba. Ganuwar Surame, tsohon birnin Kabi, ma ta Sarki Kanta ake cewa, kamar shi ya ɗauki duwatsun. Mun saba da a manta da magini, mun haƙura. Abin da ban saba da shi ba, ba kuma zan haƙura da shi ba, shi ne a zauna a gaban makirfo da sunan ilimi a rage masa daraja, dubban mutane suna saurare, har da ɗaliban da ke karatun zanen gine-gine a jami'o'inmu, waɗanda gobe za su tsaya a kan magini da takarda a hannu suna ganin bai san komai ba.

Buƙatata ita ce ku janye kalmar nan a cikin shirin, a lokacin da kuka faɗe ta, ba a wata sanarwa ta tsakar dare ba. Sannan idan za ku sake taɓa wannan batu, ku nemi Sarkin Magina na kowace masarauta a Jihar Kebbi, ko Gwandu ko Argungu ko Yawuri ko Zuru, ku zaunar da shi kusa da mai digirin, ku ce kowannensu ya bayyana yadda ake ɗaurin guga, wato rufin soro mai bakuna da ke haɗuwa a tsakiya.

Har ila yau, lambar wayar da kuke cewa masu saurare su kira, sau shida na buga a daren nan tana ta ƙara ba a ɗauka ba, sai ga shi mintocin da aka ware wa masu kira an cika su da tallar maganin basir. Da an ɗauka, da ban kai ga ɓata takarda ba.

Naku mai saurare,
Ɗan magini, daga Zuru, Jihar Kebbi