Jan dutse ba shi ne kuza ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin mu ja hankalin 'yan uwanmu masu haƙar ma'adinai a Toro, Ningi da Alkaleri kan asarar da launi yake jawo musu. Mutum zai cika buhu da jan dutse ko mai ruwan ƙasa yana zaton kuza ce, ya biya kuɗin mota har Jos, a ce masa tsakuwar marmara ya ɗauko.

Yawancin jan da ake gani a ƙasarmu tsatsar ƙarfe ce, kuma ɗan kaɗan ya isa ya rina yashi ko yumɓu. Gwajin farko ba ya cin ko sisi: a goga dutsen a bayan fasasshen tayil, ɓangaren da ba shi da ƙyalli. In zanen ya fito ja, tama ce ta hematayit. In ya fito rawaya-rawaya, tama ce ta limonayit. Kuza kuwa, komai duhunta, zanenta fari ne ko ya ɗan sirka da ruwan ƙasa, kuma wuƙa ba ta karzarta.

Sai nauyi. Kuza ta ninka ruwa kusan sau 7, hematayit kusan sau 5, yashi sau 2.6. Don haka gwangwanin madara cike da tsarkakakkiyar kuza ya kamata ya fi na yashi nauyi sau biyu da rabi. Amma a shanya kayan su bushe tukuna. Jiƙaƙƙen kaya yana ruɗar sikeli, kuma ƙwayoyin suna mannewa da juna in an wuce da maganaɗisu. Abin da maganaɗisu ya fizga da ƙarfi baƙin yashin ƙarfe ne, kuza ba ta binsa.

Masu farar ƙasa a Alkaleri, a kwashe jan saman gaba ɗaya, a tara shi nesa da bakin rami. In aka bari ruwan sama ya wanko shi ciki, farar ta ɓaci kuma farashinta ya faɗi.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne yashin da ake zubarwa bayan an tace kuza. A cikinsa akwai monazayit, ƙananan ƙwayoyi masu nauyi, launin zuma zuwa ja, masu ɗauke da sinadarin toriyom da ke fitar da tururi mai cutarwa wanda ido ba ya gani. Kada a yi yaɓe ko bulo da shi, kada a ajiye buhunansa a ɗakin kwana, kada yara su yi wasa a kansa. Muna kira ga gwamnatin jiha da sashen nazarin duwatsu na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa su kai na'urar auna wannan tururi wuraren wankin kuza, su yi wa mutane bayani da Hausa da Fulatanci.

Wassalam.

Wasu masu sana'ar ma'adinai,
Toro, Jihar Bauchi